Hodar iblis da allurar ƙwanji: yadda za ka gane ɗan'uwanka ya faɗa, da abin da za ka yi masa

Na fi shekara goma ina ɗaga ƙarfe a nan Birnin Kebbi, tun lokacin da ƙarfen namu siminti ne anka zuba a gwangwani biyu anka soka bututu a tsakiya, sai wata tsohuwar giyar mota da munka roƙo wajen bakanike. Yanzu ko jim ya yi yawa, har da madubi da sifika, yara na ɗaukar bidiyo suna sakawa a TikTok. To cikin shekarun nan ne idona ya ga abin da ya sa na ce bari dai in zauna in rubuta wanga abu.

Akwai wani yaro da ya fara zuwa wajenmu bayan ƙaramar sallah, siriri kamar sillen kara, in ya ɗaga kilo ashirin sai hannu ya kama rawa. Babbar sallah na wucewa da kamar wata guda yaron nan ya koma wani mutum daban, kafaɗu sun tashi, wuya ya cika, har waɗanda sunka shekara biyar suna fama ya wuce su. Kowa na "kai mutumina mi kake ci haka?" shi ko sai dariya, wai wake ne da ƙwai. Ranar da ya tuɓe riga na ga bayansa, ƙuraje manya-manya tun daga kafaɗa har ƙugu wasu sun yi ruwa, nan na san ba wake ba ne. Daga baya na ga kwalbar da idona a baƙar leda cikin jakarsa, 'yar ƙarama kamar ta turaren ɗan goma, da sirinji guda wanda daga gani ba ranar anka fara aiki da shi ba.

Allurar ƙwanji ce yake yi. Wani zai ce to mi ya haɗa wannan da hodar iblis? Zuciya ce ta haɗa su, dukansu can suke ƙarewa, ɗaya da gaggawa ɗaya a hankali, kuma akwai masu haɗa biyun a jiki ɗaya. Sannan masu yin su ba su kama da ɗan ƙwayar da munka saba gani a bakin tasha yana layi. Wannan ƙato ne mai kyan jiki, wancan kuma sau da yawa ɗan gayu ne mai shadda da mota, shi ya sa gida ba su farga sai abu ya yi nisa.

Fara sanin abin da kake faɗa da shi

Hodar iblis, wato koken, daga ganyen wata bishiya ake fitar da ita da ke fitowa a Kudancin Amurka, ƙasashen Kolombiya da Peru da Bolibiya. Yammacin Afirka hanya ce gare ta zuwa Turai, amma ka san kaya in ya bi ta gida sai ya zube. A Satumban 2022 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta kama tan 1.8 a wani gida a Ikorodu ta jihar Legas, kamu ɗaya ke nan. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ya yi da gwamnati na 2018 ya ce 'yan Najeriya miliyan 14.3 ke ta'ammali da kayan maye, masu koken cikinsu wajen dubu 92. Gaskiya a nan wajenmu tramol da wiwi da kodin sun fi ta yawa nesa ba kusa ba, tsada ce ta tsare ta, amma tana shigowa, musamman ta hannun masu kai da komo Abuja da Legas da wuraren bikin manya.

Aikinta a jiki shi ne, akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ake kira dofamin, shi ke sa ka ji daɗi in ka ci abinci mai kyau ko ka samu alheri, in ya gama aikinsa jiki na kwashe shi ya mayar. To koken sai ta toshe hanyar kwashewar, ya taru ya yi ambaliya, mutum ya ji duniya tasa ce, ba barci ba yunwa, surutu kamar rediyo. Amma in shaƙa anka yi, minti 15 zuwa 30 ne abin ya sauka, in ko wadda ake ƙonawa a zuƙi hayaƙin ce, wato kirak, minti 5 zuwa 10. Yana sauka sai ƙunci, sai a ƙara, a haka ake cinye kuɗin fili a dare uku.

Wurin da ta fi ta'asa shi ne a lokaci guda tana sa zuciya gudu, tana ɗaga hawan jini, sannan tana matse jijiyoyin da ke kai wa ita zuciyar jini, kuma tana sa jini saurin daskarewa. Kamar ka hau babur ka murɗe wuta har ƙarshe sannan ka matse tiyon mai da hannu. Wani bincike da anka buga a Amurka a 1999 ya nuna cikin awa ɗaya na farko bayan shan ta haɗarin bugawar zuciya na ninkuwa kusan sau 24, kuma wannan ba sai tsoho ba, ba sai wanda ya daɗe yana yi ba, ɗan shekara 25 lafiyayye ranar farkonsa tana iya kayar da shi. Haka jijiyar ƙwaƙwalwa na iya fashewa ko ta toshe a samu shanyewar ɓarin jiki. Masu ƙwallo sun san Maradona, a 1991 anka dakatar da shi wata 15 yana Napoli saboda ita, a 2000 anka kwantar da shi asibiti a Uruguwe zuciya ta kusa tsayawa, ya rasu a Nuwamban 2020 yana da shekara 60 da ciwon zuciya. Mutumin da ke da manyan likitocin duniya a hannu ke nan fa.

Ga kuma algus. Kafin hodar ta iso hannun mai sha ta bi hannu da yawa, kowa na ƙara mata wani abu don ta yi auki. Ɗaya daga cikin abin da ake yawan samu a ciki shi ne lebamisol, maganin tsutsar ciki irin wanda ake ɗura wa shanu da tumaki, duk makiyayi ya san shi. A jikin mutum yana iya karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta, fata ta yi baƙi ta ruɓe musamman wajen kunne. In kuma anka haɗa ta da giya hanta na ƙera wani sinadari na uku daga su biyun wanda ya fi daɗewa a jini ya kuma fi cutar zuciya. Hanci shi ma yana shan nasa, haɓo, mura mara ƙarewa, har bangon da ya raba ƙofofin hanci ya huje. Mace mai ciki kuwa mabiyiya na iya ɓallewa daga mahaifa kafin lokaci, uwa da ɗa duk cikin haɗari.

Ita kuma allurar ƙwanji, siteroyid, kwaikwayon sinadarin mazantaka ne da ake kira testosteron wanda 'ya'yan maraina ke yi. Tun 1935 anka iya haɗa shi a ɗakin bincike, kuma magani ne na gaske, likita na ba wanda jikinsa ba ya yin isasshe ko wanda doguwar jinya ta cinye wa nama. Sunayen da za ka ji a bakin 'yan jim su ne Sustanon, Deca, Dianabol, Winstrol, wasu allura wasu ƙwaya. Matsalar ita ce mai neman ƙwanji na ɗura wa kansa ninki goma har zuwa ɗari na abin da likita zai bayar. Kuma kar in yi maka ƙarya, tana aiki, ƙwanji na fitowa, ai da ba ta aiki da ba wanda zai saya. Ben Johnson ɗan Kanada da ita ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.79 a gasar Olamfik ta 1988 a Koriya ta Kudu, kwana kaɗan anka gano anka ƙwace zinaren.

Nan ne nake son maza su buɗe kunne. Ka san gidan da kullum maƙwabta ke aiko da tuwo safe da dare, a hankali sai a daina hura wuta, murhu ya mutu. Haka jiki yake, ƙwaƙwalwa na ganin sinadarin ya cika jini daga waje sai ta daina aika wa maraina umarni, su daina aiki, su motse su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa da ke cikin maniyyi su ragu wani lokacin har su kai sifili. Abin ya tabbata har Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar testosteron a matsayin maganin tsarin iyali na maza wajen shekarun 1990. Wato abin da kake biyan kuɗi ka sa don a ce maka namijin duniya, wasu gwada shi sunka yi don hana haihuwa. Kuma abin da ke ƙona min rai, a garuruwanmu in an shekara biyu ba ciki matar ake tasa wa gaba, a kai ta wajen wannan a kai ta wajen wancan, ta sha jiƙe-jiƙe ta sha gori wajen dangin miji, shi ko angon yana nan da ƙirji kamar ƙofar gari ba wanda zai ce a gwada shi. Wanda ya rage a jinin ma jiki na juya wani kaso nasa ya koma sinadarin mata, daga nan nono ya fara fitowa namiji, da farko ɗan ƙulli mai zafi a ƙarƙashin kan nonon, in ya daɗe ya yi tauri ba ya komawa sai da tiyata.

Sauran illolin a gurguje: na ƙwaya sun fi cin hanta, ido ya yi ɗorawa irin na shawara, fitsari ya yi duhu. Mugun kitsen jini ya hau mai kyau ya sauka, jini ya yi kauri, naman zuciya ya yi kauri ya kasa buɗewa da rufewa yadda ya kamata, ƙoda ta wahala. Wani bincike a ƙasar Denmak da ya bi maza 545 masu amfani da ita ya samu mutuwa a cikinsu ta ninka ta sa'o'insu sau uku. Nama na girma da sauri jijiyar da ke riƙe shi da ƙashi ba ta bi shi ba, sai rana ɗaya ta tsinke ana cikin ɗagawa. Yaron da bai gama tsawo ba in ya fara, ƙashin na rufewa da wuri ya tsaya a gajere har abada. Mace kuma murya ta yi kauri, gemu ya fito, al'ada ta rikice, kuma muryar sau da yawa ba ta dawowa ko an daina. Sirinji ɗaya mutum uku kuwa ka san sauran, ciwon hanta na B da C, cuta mai karya garkuwar jiki, da ƙurji a ɗuwawu wanda sai an tsaga.

Bari in ɗan ratse saboda 'yan'uwa mata. Ƙwayar ƙiba da ake sha kafin biki, wadda ake ce wa sha ka fashe, sau da yawa dekisametazon ce ko danginta. Ita ma siteroyid ake kiranta amma wani gida ne daban, ba ta gina nama, ruwa da kitse take tarawa, fuska ta yi zagaye kamar faranti, ta jawo ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi. In kin daɗe kina sha kar ki yanke rana ɗaya, hakan na da haɗari sosai, likita ne zai riƙa rage miki kaɗan-kaɗan.

Yadda za ka gane

Mai allurar ƙwanji jikinsa ne ke tona shi. Mai farawa da ke ci da kyau yana barci da kyau, in ya samu rabin kilo zuwa kilo guda na nama a wata ya yi ƙoƙari, to in ka ga mutum ya ƙara kilo takwas ko goma cikin wata biyu kuma ba tumbi ba ne, sa ido. Duba ƙuraje a baya da kafaɗa, fuska mai maiƙo, gashin gaba ya fara zubewa da wuri, fuska da ƙafa sun ɗan kumbura. Mutumin da da yake yawo da singileti don a gani in ya koma sa riga biyu cikin zafin Afrilu, nono yake ɓoyewa. Sai fushi, abu kaɗan ya ɗaga hannu, ƙannensa su fara gudunsa. Matarsa kuwa ta riga kowa sani, don da farko sha'awa na ƙaruwa har ta gaji, in ya tsaya da allurar kuma komai ya kwanta.

Mai hoda kuma lokaci-lokaci ne. Yau ya cika gida da surutu da manyan tsare-tsaren kasuwanci, baƙin idonsa ya buɗe fal, yana shaƙar hanci yana murza shi, yana cije haƙora, kwana biyu ba barci ba abinci, yana shiga banɗaki kowane rabin awa. Gobe kuma ya kwanta kamar gawa yini guda, ya tashi da baƙin rai. Kuɗi na ɓacewa, waya ta tafi, sarƙar Inna ta yi ƙafa. In abin ya yi nisa sai zargi, yana leƙen taga wai ana binsa, yana bincikar wayar matarsa, wani ya riƙa sosa jiki har jini wai ƙwari na tafiya a ƙarƙashin fatarsa. A nan ne gida ke cewa aljanu ne ko sammu. Addu'a kam a yi ta, ba wanda ya hana, amma a yi ta a hanyar asibiti.

Yadda za ka yi masa magana

Kar ka tare shi lokacin da abin ke kansa, kar ka tare shi gaban mutane, kuma dan Allah kar a tara taron dangi a zaunar da shi tsakiya kamar ɓarawon akuya, daga ranar ya rufe baki ke nan. Samu mutum ɗaya da yake jin nauyi, kawu ne, yayansa ne, abokin da sunka taso tare ne, a ja shi gefe bayan isha'i. Fara da abin da idonka ya gani ba da hukunci ba. Ni abin da na ce wa yaron nan shi ne "ƙanena, na ga bayanka kuma na ga ledar, ba zan faɗa wa Baba ba, amma gobe ni da kai za mu je a auna jininka, in lafiya lau ne ka ci gaba da harkarka." Ya yi musu, ya rantse, ya yi fushi ya bar gaishe ni sati biyu. Daga baya shi da kansa ya zo da dare ya ce yaya yaushe za mu je. Awon farko hawan jininsa ya kai na dattijo, yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai, sai da nas ta sake aunawa don ba ta yarda ba.

Mai allura in ka ce masa za ka mutu dariya zai yi, yana ganin kansa a madubi. Yi masa maganar haihuwa da nono da sanƙo, nan ne ke taɓa shi. Mai hoda kuma kar ka ba shi tsabar kuɗi, in abinci ne saya masa, in kuɗin makarantar yara ne je ka biya da kanka, kuma kar ka riƙa biya masa bashin dila a ɓoye wai rufin asiri.

In ya faɗi a gabanka

Wannan na gani a wani biki cikin bazara, ka san zafin garin nan sama da digiri 40, kuma hoda ita kanta tana ɗaga zafin jiki ta hana shi fita. Wani abokin ango da ya zo daga nesa yana ta rawa yana liƙi, sai kawai ya zauna a kan kujerar roba ya dafe ƙirji, shaddar nan ta jiƙe sharkaf, leɓensa ya canza kala, yana cewa kamar an ɗora masa buhu. Nan take mutane sunka kasu, wannan na a kawo madara, wancan na a kawo manja, wani na a kai shi ɗaki ya huta kar a ɓata biki. Allah ya sa akwai wata baiwar Allah ma'aikaciyar lafiya cikin dangin amarya, ita ta daka tsawa anka sa shi mota.

To abin yi ke nan. Ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe, jiki ya yi zafi kamar garwashi, ko jijjiga, kowanne ka gani cikin waɗannan asibiti ne kai tsaye, babban asibiti ba kemis ba, ko a Keke Napep ne. Kafin a samu abin hawa kai shi inuwa, sassauta masa kaya, jiƙa jikinsa da ruwa a yi masa fifita. In yana jijjiga kawar da abin da zai buge shi, kar ka cusa masa cokali ko yatsa a baki, kar ka ɗura masa komai, in ta lafa juya shi ya kwanta ta gefe don kar amai ya shaƙe shi. In yana fizge-fizge kar ƙarti su haye shi su danne ƙirji ko su ɗaure shi rub da ciki, mutane na mutuwa a haka, a rage hayaniya mutum ɗaya ya riƙa yi masa magana a hankali. Kar a ba shi tramol wai ya kwantar da ciwon, shi kansa tramol na jawo jijjiga. In numfashi ya tsaya gaba ɗaya, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri a riƙa danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi da sauri har a isa.

In an isa, faɗa wa likita gaskiya: mi ya sha, yaushe, ya haɗa da giya ko maganin ƙarfin maza, yana allurar ƙwanji ko a'a. Wannan ba tonon asiri ba ne, akwai magungunan zuciya da likita ke kauce wa in ya san akwai koken a jini, in kun ɓoye kuna iya sa a ba shi abin da zai ƙara matse jijiyar. Likita ba ɗan sanda ba ne, kuma aikinsa ya ɗora masa riƙe sirri.

Fita daga ciki

In ba gaggawa ba ce, je ku asibiti a yi awon hawan jini, gwajin hanta da ƙoda, kitsen jini, kaurin jini, gwajin zuciya na ECG, in da hali har hoton zuciya, sai gwajin ciwon hanta na B da C da na cuta mai karya garkuwa in an taɓa raba allura. Mai aure ko mai shirin aure ya ƙara da gwajin maniyyi. Ɗauki kwalaben da fakitin ƙwayoyin ku tafi da su a leda, ya fi dogon bayani. A Birnin Kebbi akwai asibitin Sir Yahaya da asibitin tarayya, a Gusau akwai asibitin tarayya da na Yariman Bakura, ɓangaren ƙwaƙwalwa da barin shaye-shaye kuma ga asibitin Kware a jihar Sakkwato, kuma zuwa can ba ya nufin mutum mahaukaci ne. NDLEA ma ba kamu kaɗai take yi ba, tana da masu ba da shawara, da layin kira kyauta 0800 1020 3040.

Ka shirya wa watannin farko don nan ne ake komawa ruwa. Mai hoda kwanakin farko barci ne da ci da baƙin ciki, wannan na wucewa, amma kwaɗayin na daɗewa watanni, wuri ko aboki ko ma ganin alat na kuɗi na iya tayar da shi. Har yau babu wata ƙwaya da anka amince da ita a matsayin maganin barin koken, duk wanda ya ce yana da allura ɗaya mai wanke jini kuɗinka yake so. Abin da ke aiki shi ne zama da masu ba da shawara a kai a kai, canza layin waya, yanke abokan harka, wani amintacce ya riƙe masa katin banki, da samun abin yi da zai cika yini. In ya zame ya koma sau ɗaya a ci gaba daga inda anka tsaya, amma ya sani jikin da ya huta ba ya ɗaukar abin da yake ɗauka da.

Mai allura nasa daban ne, murhun nan da ya mutu sai ya ɗauki lokaci kafin ya kama, watanni, wani har ya haura shekara. A tsakanin nan ba ƙarfi, ba sha'awa, jiki na saɓulewa yana kallo, ga 'yan jim na "a'a oga ya aka yi ka zube?" Wannan tambayar kaɗai ta mayar da mutane da yawa. Kar ya bi shawarar intanet ya je kemis ya sayi magungunan haihuwa na mata ya haɗa da kansa wai farfaɗo da jiki, likita ne zai duba jini ya ga ko akwai buƙata. Duka biyun kuma, in ka ji yana maganar gara ya mutu ya huta, kar ka ɗauka wasa, kar a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Gidan mari kuwa ni dai ban goyi baya ba ko kaɗan. Mun ga abin da 'yan sanda sunka fito da shi a Kaduna da Katsina a 2019, ɗaruruwan mutane da sarƙa a ƙafa da tabon bulala. Sarƙa ba ta auna hawan jini, kuma mai ciwon zuciya a ɗakin da ba iska ka san ƙarshen zancen.

Wanda kuma jikin yake so tsakani da Allah, ai muna zaune cikin abincinsa. Kifin Yauri da Argungu, wake, ƙwai, nono, awara, ƙuli-ƙuli, ga shinkafarmu. Lissafin masana kamar giram 1.6 ne na sinadarin gina jiki a kowane kilo na nauyinka a yini, mai kilo 70 yana neman wajen giram 110 ke nan, ƙwai ɗaya na ba da kamar 6, sai ka haɗa da sauran. Barci awa bakwai zuwa takwas, ƙara nauyin ƙarfe kaɗan-kaɗan, ba wa kowace gaɓa hutu. 'Yan kokawa da 'yan damben da kakanninmu ke ba da labari fura da tuwo sunka gina su. Garin gwangwani da ake sayarwa a jim ma a yi hattara, an sha gwada irinsu a ƙasashen waje a samu siteroyid a ciki ba a rubuta ba, in ba lambar NAFDAC ajiye musu kayansu.

Yaron nan yanzu ya kusa shekara da dainawa. Rigunan da ya ɗinka lokacin duk sun yi masa yawa, hawan jinin ya sauka, gwajin maniyyi na biyu ya fi na farko amma likita ya ce a sake bayan wata uku. Nonon ne bai koma ba, yana tara kuɗin aikin a asusu. Yana zuwa jim har yanzu, sai dai da asuba bayan an fito masallaci kafin mutane su taru, ni nake buɗe masa ƙofa, jiya kilo arba'in ya ɗaga sau takwas na riƙe masa na tara.